Sayen kyamarar bidiyo ta gida da ɗan kuɗi: abin dubawa kafin ka ƙirga sefa

Ana saura mako biyu bikin ƙanwarsa, ɗan yayata ya shigo mini gida a nan Garwa da kwali a hammata, baki har kunne. "Kawu, na samo mana kyamara. 4K ce, sabuwa fil a leda." Na karɓa na jujjuya kwalin. An rubuta 4K da manyan baƙaƙe, an rubuta megafiksel 48, an rubuta zum 16, amma sunan kamfanin da ya ƙera ta ko a mafarki ban taɓa jin sa ba. Muka fita tsakar gida muka gwada. Da rana tsaka hoton ba laifi. Da ya ce bari ya janyo dogon-yaron da ke ƙofar gida, sai ganyen ya dagule kamar an dama kunu. Magariba na yi, fuskar mahaifiyarsa ta koma duhu mai ɗigo-ɗigo, muryarta kuwa kamar daga cikin rijiya. Washegari ya mayar, mai shagon ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa.

Abin da ya ci yaron nan shi ne lambobin jikin kwali. Mai ɗan kuɗi ba lamba zai saya ba. Abu huɗu zai bi: gilashin da ke janyo nesa da gaske, sauti mai fita, batir mai jurewa, da ragowar kuɗin da zai sayi kayan haɗi. Kuma sau da yawa ta hannu mai sunan kamfani sananne ta fi sabuwa marar asali nesa ba kusa ba.

Da farko, ka tabbata wayarka ba ta isa ba

Ba wasa nake ba. Wayoyin yanzu, ko matsakaita, suna ɗaukar hoto mai kyau da rana idan abin yana kusa. In burinka rarrafen jariri ne da hirar tsakar gida, sayi sanda mai ƙafa uku da ɗan maƙalin waya, ka adana kuɗinka.

Inda waya ke gazawa shi ne taro mai nisa da taro mai tsawo. Ranar hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo, kana can bayan jama'a, dawakai na sukuwa, waya ba za ta kawo maka fuskar mahayi ba. Saukar Alƙur'ani ko walima da za ta ci awa uku, waya za ta yi zafi, ma'ajinta ya cika, ko kira ya shigo daidai lokacin da malam ya fara addu'a. Kyamara kuwa aikinta ke nan: tana zama daram a tafin hannu, batir ya ƙare ka zare ka sa wani, memori ya cika ka canja. In irin wannan aiki ne a gabanka, to mu ci gaba.

Raba kuɗin kafin ka shiga kasuwa

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya juye duk abin da ke aljihunsa a kan kyamarar kanta, ya dawo gida da batir ɗaya da ya gaji, babu memori, babu jaka. Raba kuɗinka gida uku. Kashi biyu na kyamara, kashi ɗaya na kayan haɗi. A ce jaka 120 ka tara, wato sefa dubu 120: kada ka taya kyamarar da ta wuce jaka 80. Jaka 40 ɗin da ta rage ita ce ta batir na biyu, memori biyu, sanda mai ƙafa uku, da 'yar jaka mai zif. In da saura, ƙaramar fitilar LED mai caji. Kashin nan na uku ka sa shi a wani aljihu daban, don mai shago in ya hango shi sai ya san yadda ya yi ya raba ka da shi.

Masu kaset da faifai, wuce su

A shagunan kayan hannu, daga Marwa har Kuseri, za ka ci karo da tsofaffin kyamarori masu kyan gani da araha: masu kaset ɗin Hi8, masu MiniDV da suka fito tun 1995, masu ƙaramin faifan DVD. A zamaninsu sun yi tashe. Yau wahala ce. Kaset ɗin ya yi wuyar samu, kan da ke karanta shi ba ya shiri da ƙura, kuma kwashe hoton MiniDV zuwa kwamfuta sai da wata igiya da ake kira FireWire, wadda kwamfutocin yanzu ba su da raminta. Ko ka samu, kaset na awa ɗaya sai ka zauna awa ɗaya cur kana jira. Masu ma'aji mai juyawa a ciki su ma ka bar su, faɗuwa ɗaya kan iya tafiya da duk abin da ke ciki.

Abin nema shi ne mai ɗauka a kan memorin SD ko microSD, mai ingancin Full HD. Shi ke nan.

Karanta lambobin da idon basira

Nan ne ake cin kasuwar mutane, don haka zan ɗan daɗe.

Zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, inda gilasan cikin kyamarar ke motsawa su janyo abin da ke nesa ba tare da hoton ya lalace ba. Akwai na dijital, wanda ba ya janyo komai, yanko tsakiyar hoton yake yi ya buɗa shi, kamar yadda kake buɗa hoto da yatsu biyu a waya. Shi ya sa dogon-yaron ɗan yayata ya koma kunu. A jikin kwali ko gefen kyamara nemi kalmar optical, ko optique in da Faransanci aka rubuta. Lambar da ke kusa da wannan kalma ita ce ta gaskiya. In ka ga 350x ko 3000x, na dijital ne, kada ya ɗaga maka hankali. In kuwa kwalin bai ambaci zum na gilashi ba sam, to babu shi, ajiye ka yi gaba. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: leƙa cikin gilashin gaba ka danna zum. A ta gaske za ka ga wani abu na motsi a ciki. A ta bogi komai tsit.

Zum na gilashi 20, wato mai janyo abu ninki 20, ya ishe ka kusan kowane taro. 30 ya wadatar. Fiye da haka, hannunka ne zai ba ka kunya, domin in ka janyo abu sosai ko numfashinka sai ya girgiza hoton.

Sai batun 4K. Full HD ɗigo 1920 ne a faɗi da 1080 a tsaye. 4K kuwa 3840 da 2160, ninki huɗu ke nan. Ta gaskiyar tana da kyau, amma tana da tsada, tana cin memori kamar gara, kuma tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi kafin a tace hoton. Masu arahar nan da ake rubuta wa 4K, ƙaramin hoto suke ɗauka su hura shi ya kumbura. Ka tambayi kanka ma a ina za a kalli bidiyon. A talabijin ɗin falo, ko a waya bayan WhatsApp ya matse shi. A waɗannan wurare Full HD mai kyau ya fi ƙarfin buƙata. Yawan megafiksel kuwa na hoto marar motsi ne, cikakken hoton Full HD bai fi megafiksel 2 da ɗan ɗoriya ba.

Lambar da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe, alhali ita ce mai muhimmanci, ita ce girman sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a bayan gilashi. Ana rubuta shi kamar 1/5.8 ko 1/2.3. Lissafin a juye yake: in lambar ƙasa ta yi ƙanƙanta, sensar ta fi girma, kuma babbar sensa ta fi gani a duhu. Mu da yawancin shagulgulanmu na mata da na dangi bayan la'asar suke kankama su kai dare, ƙarƙashin ƙwai biyu ko uku na janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in kawo misalai da za ka iya cin karo da su a hannu. Sony HDR-CX405 ƙarama ce, zum na gilashi 30, sensa 1/5.8, tana amfani da microSD, igiyar USB ɗinta a maƙale take a jikin madaurin hannu. Panasonic HC-V180 zum ɗinta na gilashi 50 ne, sensarta ita ma 1/5.8. Canon HF R800 da 'yar'uwarta R806 suna da zum na gilashi 32. Duk ukun nan da rana ba ka da abin cewa, da dare sai ka taimaka musu da fitila. Panasonic HC-V770 zum ɗinta 20 ne kawai, amma sensarta 1/2.3 ce, tana kuma da ramin makirfo. Ni in kuɗina ya kai, ita zan ɗauka in bar mai zum 50, ko da mai shago zai yi ta nuna mini cewa 50 ta fi 20. JVC kuma tana da jerin Everio R waɗanda aka yi su don jure ruwa da ƙura da faɗuwa, batirinsu a ciki yake kuma yana daɗewa. A ƙasa irin tamu wannan abin dubawa ne, sai dai ka tuna batir na ciki in ya gaji ba a zare shi a tsakiyar biki.

Abu na ƙarshe a nan shi ne maganin rawar hannu. Shi ma akwai na gilashi akwai na lantarki, na gilashin ya fi. Sony na kiran nata Optical SteadyShot, Panasonic da Canon za ka ga O.I.S. ko IS. Kada ka tsaya ga suna, ka janyo zum har ƙarshe ka riƙe da hannu ɗaya ka gani da idonka.

Sauti, wanda kowa ke mantawa

Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu. Ba sa haƙuri da sautin da ba a ji. Bayan shekara 10, abin da iyali za su so ji shi ne muryar kaka tana sa albarka, da karatun yaro ranar sauka. Makirfon da ke jikin kyamara kuwa abin da ya fi kusa da shi yake kamawa: numfashinka, hirar na gefenka, iskar hunturu, kukan janareta.

Saboda haka ka juya kyamarar ka nemi ƙaramin rami mai milimita 3.5 da aka rubuta MIC a kansa, galibi ja ne. In akwai, ko ba yau ba za ka iya sayen makirfo na maƙalawa a riga mai doguwar igiya. In akwai ramin abin sauraro na kunne kuma, ka yi dace, don za ka ji abin da ke shiga tun kafin a tashi taro. Ƙananan samfura irin CX405 da V180 ba su da ramin makirfo. Wannan ba ya hana sayensu, dabara ce kawai za ka ƙara: ajiye waya kusa da mai magana tana ɗaukar murya, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, daga baya wajen tacewa ka daidaita sautin tafin nan biyu. Kuma ko wace kyamara gare ka, kada ka tsaya a gaban lasifika. Sautin zai fashe, babu gyara.

Daga wace ƙasa ta fito?

Kayan hannu da ke zuwa mana ta Duwala ko ta Mubi da Kano ko daga Dubai, asalinsu daban-daban ne, kuma wannan yana da tasiri. Wutar lantarkin Kamaru da Cadi, kamar ta Najeriya da Turai, tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka sau 60. Kyamarar da aka yi wa kasuwar Turai tana ɗaukar hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, ta Amurka 30 ko 60. In ka shiga da ta Amurka ƙarƙashin doguwar fitila ko wasu ƙwayayen LED masu araha, kana iya ganin hoton yana ƙyaftawa ko wasu layuka na bi ta cikinsa. A waje da rana babu matsala. Shiga jerin saituna ka duba: 50i, 50p ko 25p su ne namu. A Canon abin ma a suna yake, Legria ta ɓangaren 50 ce, Vixia ta Amurka.

Duba harshe kuma. Wasu da aka yi don cikin gidan Japan ba su da wani harshe sai Japananci. Ka sa a canja maka zuwa Faransanci ko Turanci a gabanka. Caja kuwa ka karanta jikinta ka ga an rubuta 100-240V, sannan in bakinta ba mai ƙafa biyu zagayayyu irin na soket ɗinmu ba ne, ka haɗa da adafta tun a shagon.

Batir, zafi da ƙura

Batirin da ke zuwa da ƙaramar kyamara, in ana zum ana buɗe allo ana rufewa, da wuya ya kai ka ƙarshen taro. Na hannu kuma ya riga ya sha aiki. Kafin ka biya, zare batirin ka karanta lambarsa, ka zagaya kasuwa ka ji ko ana samun irinsa. Kyamarar da ba a samun batirinta a garinku, ko kyauta aka ba ka, kaya ce. CX405 tana amfani da NP-BX1. Wasu Sony ɗin suna amfani da jerin NP-FV, inda FV70 da FV100 suka fi FV50 daɗewa. Panasonic da na ambata suna karɓar VW-VBT190, da babban wansa VBT380 mai ninka shi. Batirin da ba na kamfani ba yana da araha kuma wasu suna aiki lafiya, amma wasu kyamarorin suna ƙin sa, su rubuta gargaɗi su mutu. Gwada shi a cikin kyamararka kafin kuɗi ya bar hannunka. Ɗora shi a kan tebur ma ka gani: in ya kumbura yana lilo, ya gama yayi.

Tambaya mai tsada a wajenmu: tana caji ta USB? Duk wanda ke arewa ya san yadda wuta ke yi a bazara idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya. Kyamarar da ke caji ta USB za ka iya cika ta da fawa bank ko da sola. Wasu ma suna ɗauka suna jone, wasu caji kawai suke karɓa sai an kashe su. Je da fawa bank ɗinka shagon ka gwada.

Yawancin waɗannan kyamarori an rubuta a littafinsu cewa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40. Garwa da Marwa da Njamena a watan Maris da Afrilu suna haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Kada ka bar ta a mota a rufe, kada ka ajiye ta a rana kan sanda kana jiran a fara. Farin ƙyalle a kanta yana taimakawa. Batir ma zafi ne babban makashinsa, ka ajiye shi a wuri mai sanyi, kuma in zai daɗe ba a amfani da shi, a bar shi da rabin caji.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta sallama. Zaɓi mai murfin gilashi da ke rufuwa sosai. In ƙura ta hau gilashin, hure ta da ɗan famfon roba tukuna sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. Bakin riga da gefen mayafi su ne ke karce gilashi, don ƙurar nan yashi ce.

Memori: inda jabu ya fi yawa

Ga lissafi. A inganci mai kyau na megabit 24 a daƙiƙa, wato yawan bayanan da kyamara ke zubawa a memori, awa ɗaya tana cin kusan giga 11. Ke nan memori mai giga 32 zai ba ka kusan awa uku, mai 64 kusan shida. In ka sauko zuwa megabit 17, awa ɗaya ba ta kai giga 8 ba, kuma ido da wuya ya ga bambanci a talabijin ɗin gida. 4K a megabit 100 kuwa giga 45 take lashewa a awa, ka ga dalilin da na ce a bar ta.

Nemi mai alamar 10 a cikin da'ira, ko U1, ya isa Full HD. Har giga 32 ana kiransa SDHC, sama da haka SDXC, kuma wasu tsofaffin kyamarori ba sa karanta SDXC, sai ka duba. Na fi son biyu masu giga 32 a kan ɗaya mai 64, don in ɗaya ya lalace ba duka bikin ya tafi ba.

Jabun memori mugun abu ne, domin ba ya nuna halinsa da wuri. An rubuta 64, waya ma ta nuna 64, alhali cikinsa 8 ne. Zai yi ta karɓa kamar gaske, sai ka zo kallo ka tarar rabin fayilolin ba sa buɗewa. Maganinsa gwaji kafin ranar taro: akwai ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke cika memorin ta karanta shi ta faɗa maka gaskiyarsa. In babu kwamfuta, kunna kyamarar ta yi ta ɗauka har ya cika, sannan ka duba farko da tsakiya da ƙarshe. Memorin da farashinsa ya faɗi ƙasa warwas, ka san kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Gwaji a gaban mai kaya

Je da rana, da memorinka, da fawa bank, da abin sauraro na kunne, kuma kada ka je kana sauri. Gaisa da mai shago sosai, ka ce masa, "Alhaji, zan ɗan zauna in gwada, in ta yi mini ba za mu ɓata ba." Mai kaya nagari ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa batir babu caji, ko ka je gida ka gwada, ya riga ya ba ka amsa.

Fara da jiki. Dubi ƙananan kusoshi, in kansu ya cinye an taɓa buɗe ta. Dubi ramin batir ko akwai tsatsa ko wani fari-fari, alamar ruwa ya shiga. Haska fitilar waya cikin gilashi ka duba karce, ƙura a ciki, ko wani abu kamar saƙar gizo-gizo. Wannan na ƙarshen naman gwari ne da danshi ke haifarwa, ana yawan ganinsa a kayan da suka kwana a kudu, kuma ba ya goguwa daga waje.

Sai allo. Buɗe, rufe, juya shi, sau biyar ko shida, kana kallon hoton. A cikin maƙogwaron allon akwai wata siririyar igiya da ke karyewa da tsufa, kuma ita ce ciwon da ya fi kama irin waɗannan kyamarori. In hoton yana ɗaukewa ko launi na canjawa yayin juyawa, ta kusa. In allon na taɓawa ne, taɓa kowace kusurwa.

Yanzu sa memorinka ka fara ɗauka. Janyo zum a hankali har ƙarshe, ka komar, kana saurare ko akwai ƙara ko tsayawa. Nuna ta ga rubutun wani shago can nesa ka ga daƙiƙa nawa take yi kafin hoton ya washe, sannan ka juyo kan tafin hannunka. Shiga can ƙuryar shagon inda ya fi duhu ka ɗauki fuskar mutum, don wannan ne zai nuna maka yadda daren biki zai kasance. Rufe gilashin ka ɗauki baƙi zalla, ka duba ko akwai ɗigon fari ko ja da ba ya motsi. Yi magana a gabanta da bayanta. Daga nan ka bar ta tana ɗauka minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, kuna hira. A nan ne batir mai ƙarya ke faɗowa daga cikakke zuwa rabi, a nan ne mai zafi ke kashe kanta. In ta wuce wannan, zare memorin ka sa a waya ko kwamfuta ka kalla, don ƙaramin allon kyamara yana ɓoye aibi. Kashe ta ka cire batir ka mayar, in kwanan wata ya goge, ƙaramin batirin ciki ya mutu. Ba babbar matsala ba ce, amma dalili ne na neman ragi.

Wajen ciniki, duk abin da babu, caja ta asali, igiyar HDMI ta haɗawa da talabijin, batir mai rai, kuɗi ne za ka kashe, sai ka cire shi daga tayinka. Ka nemi rasit, faktir kamar yadda muke cewa a nan, a rubuta samfuri da lambar jikin kyamarar da kwana nawa aka ba ka na gwaji, ko da uku ne. In daga nesa za a aiko maka, daga Yawunde ko Duwala, kada ka tura kuɗi duka ta waya a kan hoto kawai. Nemi ɗan'uwa a can ya je ya yi gwajin nan a madadinka.

Makon farko a gida

Goge memorin daga cikin saitin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba. Saita kwanan wata. Kashe zum na dijital gaba ɗaya don kada yatsa ya zarce. Sannan zaɓi tsarin fayil. Yawancinsu suna ba ka AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fito da shi a 2006, ko MP4. In waya da WhatsApp ne makomar bidiyonka, MP4 ya fi sauƙi, ɗan abin karanta memori mai shiga ramin waya kawai kake buƙata. In AVCHD ka zaɓa, fayilolin suna ɓoye can cikin jakar da ake kira PRIVATE, kuma wajen kwashewa ka ɗauki jakar dukanta, kada ka tsinci fayil ɗaya-ɗaya. VLC yana buɗe su, HandBrake yana mayar da su MP4, dukansu kyauta ne. Kada ka goge memori sai bidiyon ya zauna a wuri biyu daban.

Kada ranar biki ta zama ranar koyo. Ɗauki yara suna wasa, ɗauki tuwo a murhu, ka koyi riƙe ta da hannu biyu gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka koyi ƙirga goma a zuci kafin ka motsa daga abu zuwa abu. Sabon mai kyamara zum ne ke ruɗarsa, ya yi ta shiga yana fita har mai kallo ya ji jiri.

A cikin gida wajen mata, ba kowa ke son a ɗauke ta ba, kuma ba kowane miji ko uba ne zai ji daɗin ganin iyalinsa na yawo a wayoyi ba. A nemi izini, in da hali ma a miƙa wa wata 'yar'uwa kyamarar ta ɗauki ɓangaren mata, a kuma yi magana tun farko kan wanda za a tura wa. A waje kuwa, a Kamaru da Cadi duka, ka kiyayi nuna kyamara wajen barikin soja, filin jirgin sama, shingen jami'an tsaro da gine-ginen gwamnati. In za ka haye gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena da ita, ta zauna a cikin jaka, rasit ɗinta kuma yana aljihunka.